Mahaifa Tana Nan, Ƙwai Ne Babu



Waɗanda suka san ni sun san ni ba likita ba ne. Hatsi da doya nake saye ina sayarwa, ina kuma jan salla a ƙaramin masallacinmu idan liman ya yi tafiya ko jiki ya motsa masa. Karatuna na allo ne da Islamiyya. Sai dai duk wanda ya taɓa tsayawa gaban sahu ya san ba a barin sa da salla kaɗai. Rikicin aure a kawo masa, rabon gado a kawo masa, bashin da aka ci aka yi shiru shi ma a kawo masa. A cikin abubuwan da aka kawo mini a 'yan shekarun nan, babu wanda ya sa ni yawon tambaya kamar maganar dasa ƙwan wata mace a mahaifar macen da aka haifa da larurar da likitoci ke kira Turner. Mai maganar ta ba ni izinin in rubuta, da sharaɗin in sakaya sunanta. Zan kira ta Talatu. Kuma tun yanzu in faɗa, ba 'yar unguwar nan ba ce, cikin garin Minna suke, saboda haka kada iyayenmu mata su fara lissafin gidaje da yatsa.

Mahaifinta aminina ne, tare muka yi fataucin doya zuwa Kano shekara da shekaru kafin Allah Ya yi masa rasuwa. Tun tana ƙarama ita ce mafi gajarta a cikin sa'o'inta. Ana ta cewa ai jikin dangin uwarta ta ɗauko. Ta kai shekara 15, ta kai 16, ta shiga 17, babu alamar balaga: ƙirji bai fito ba, jinin al'ada bai zo ba. Kun san mu da irin wannan. Wani ya ce iska ce, wani ya ce sammu ne, an sha rubutu, an yi turare, an jiƙa saiwa kala-kala. Ban raina addu'a ba, ni ma ita ce jarina, amma wanda ya halatta mana addu'a shi ne ya umarce mu da neman magani. Daga ƙarshe aka kai ta asibiti a Minna, aka yi hoton ciki, aka tura su Abuja, aka ɗebi jini aka aika gwaji. Bayan 'yan makonni sakamako ya dawo.

Ga yadda likita ya fahimtar da mu, ni kuma zan faɗa da irin Hausarmu. Jikin ɗan Adam an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta, a cikin kowace ƙwaya akwai wasu 'yan sanduna guda 46 da ake kira kuromozom, suna tafiya biyu-biyu, rabi daga uba rabi daga uwa. Su ke ɗauke da bayanin kamanni da tsawo da sauran abin da ake gada. Biyun ƙarshe su ne na jinsi: mace tana da X guda biyu, namiji yana da X da Y. To, wata macen sai a haife ta da X ɗaya tilo, ɗayan babu shi, lissafi ya tsaya a 45, ko kuma yana nan amma ya gutsure. Wani likita a Amurka mai suna Henry Turner ne ya bayyana alamomin a 1938, shi ya sa ake kiran larurar da sunansa, sai a 1959 aka gano ashe sanda ɗaya ce ta yi ƙasa. Ana samun ta a kusan mace ɗaya cikin kowace 2,000 zuwa 2,500 da aka haifa. Ku auna yawan matan da ke tsakanin Kpakungu da Garatu, za ku ga ba abin da ya yi mana nisa ba ne, sanin sunansa ne kawai ba mu yi ba.

Abin da ya fi sanyaya wa mahaifiyarta rai a ranar shi ne da aka ce mata ba laifin kowa ba ne. Ba wani abu ta ci ba da tana da ciki, ba auren zumunci ne ya jawo ba, ba kuma gado ne da zai bi ƙannenta ba. Kuma bai taɓa hankali ba. Talatu ta sauke Alƙur'ani tana 14, lissafin kuɗi kuwa in tana wuri ban cika taɓa kalkuleta ba.

Alamomin da aka fi gani su ne gajarta, wani lokaci faɗin wuya, kumburin hannu da ƙafa tun ana jaririya, yawan ciwon kunne, wata kuma a sami matsala a ƙoda ko a maƙogwaro. Amma manyan abubuwa biyu ne, kuma su ne maganar tamu. Na farko, ma'ajiyar ƙwan haihuwa tana bushewa tun da wuri, galibi kafin yarinya ta balaga ƙwan ya ƙare. Kaɗan ne ƙwarai, ba su wuce kamar biyar cikin ɗari ba, ke samun ciki da kansu. Na biyu, zuciya da babbar jijiyar jinin da ta fito daga cikinta. Wannan na biyun shi ne mutane ba sa ji, don ba ya ciwo, ba ya nuna kansa a fuska.

An ɗora Talatu a kan ƙwayoyin sinadarin mata da jikinta ba ya samarwa. Jiki ya cika, al'ada ta fara zuwa duk wata. A nan ne dangi da yawa ke ruɗewa, su ce ai ta warke. Ba warkewa ba ce. Maganin yana gina jiki, yana kare ƙashi daga lalacewa, yana sa mahaifa ta zubar da jini a kan lokaci, amma ba ya mayar da ƙwan da babu shi.

Da manemi ya fito tana da shekara 24, ni aka wakilta a maganar auren tunda mahaifinta ba ya raye. Na zaunar da yaron a shagona na gaya masa komai, ban rage ba. Wasu daga dangi ba su ji daɗi ba, suka ce na so in kore mata miji. Na ce da su an ruwaito cewa Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya umarci wani mutum da ba ya haihuwa da ya sanar da matarsa ya ba ta zaɓi. In an wajabta wa namiji faɗin gaskiya, mace ma haka. Yaron ya ce ya ji ya gani yana so. Aka ɗaura.

Shekara uku ana zaune lafiya, sai magana ta fara fitowa daga ɗakin uwar miji. Ba sai na maimaita muku kalmomin ba, kowa ya san sunan da ake kiran macen da ba ta haihu ba a ƙasar Hausa, kuma kowa ya san yadda ake jefa shi a wurin suna ko biki a yi kamar ba da ita ake ba. Ana cikin haka wani abokin aikin mijin ya haɗa shi da wani mutum mai yi wa wata cibiyar haihuwa hanya, irin 'yan kamashon nan. Mutumin ya ce masa abu mai sauƙi ne: tunda mahaifa tana nan, za a samo ƙwan wata mace, a haɗa da maniyyinsa a ɗakin gwaji, a dasa wa matarsa, ta yi goyon cikinta wata tara ta haihu, babu wanda zai sani. Ya faɗi kuɗi, miliyoyi ne. Yaron har ya sa filinsa a kasuwa. Ƙanwar Talatu, wadda ke da 'ya'ya uku, ta ce ita ta yarda a ɗebi nata, ba sai an je neman na bare ba.

Suka zo mini su biyu bayan sallar isha'i. Mijin ne ya fara.

"Baba Malam, mun zo ne a duba mana ta fuskar addini. In ya halatta, wata mai zuwa za mu fara."

Na juya wajenta. "Ke fa, 'yata, me kika ce?"

Ta daɗe kanta a ƙasa. Can ta ce, "Baba, na gaji da a ce da ni in tashi in ba masu goyo wuri."

Wallahi maganar nan ta zauna mini a ƙirji. Na ce su ba ni mako biyu, domin tambayarsu biyu ce a cikin ɗaya, akwai ta malamai akwai ta likitoci, kuma ba zan amsa ko ɗaya da ka ba.

Na fara da ta likitoci. Akwai wani likitan zuciya da ke sayen doya a wurina duk sanda ya biyo hanyar Bida. Da na ba shi labari, tambayar farko da ya yi ita ce: an yi mata hoton zuciya kuwa? Na kira mijin a waya na tambaye shi. Ya ce mai yi musu hanyar ya lissafa gwajin jini da hoton mahaifa, bai ambaci zuciya ba ko sau ɗaya. Likitan ya girgiza kai, ya jawo benci ya zauna.

Ya ce in ɗauki babbar jijiyar nan, wadda suke kira awota, kamar tiyon injin ban ruwa na 'yan lambu. Duk jinin da zuciya ta harba zuwa sassan jiki ta nan yake bi. A bakinta akwai wani marfi mai ganye uku da ke buɗewa yana rufewa. Kusan ɗaya cikin uku na masu larurar Turner ganye biyu ne da su maimakon uku, wasu kuma jijiyar ta tsuke a wani wuri, kuma a yawancinsu bangon jijiyar bai kai na sauran mutane ƙwari ba. Mace tana iya yawo da wannan shekara talatin ba ta san da shi ba. To, idan ciki ya shiga, jinin jikin mace yana ƙaruwa da kusan rabin abin da take da shi, zuciya tana ƙara aiki, sinadaran goyon ciki kuma suna tausasa jijiyoyi. Ka ƙara wa inji wuta alhali tiyo ya riga ya yi laushi, me kake jira? Bangon jijiyar sai ya tsage daga ciki, jini ya kutsa tsakanin fatunta, ko ta fashe gaba ɗaya. Ya fi faruwa a watanni ukun ƙarshe na ciki da kuma 'yan makonnin bayan haihuwa, wato lokacin da mu muke ganin an tsallake, ana ta wankan jego da kunun kanwa. Alamarsa ciwo ne mai tsanani da ke sukar ƙirji ko gadon baya farat ɗaya, kamar ana yaga abu. In ba a shiga da mace tiyata cikin sa'o'i ba, sai dai wani ikon Allah.

Ni da ku mun san hanyar Minna zuwa Suleja. Mun san awa nawa take ci, musamman da damina. Irin wannan aikin kuwa ba kowane babban asibiti ne ke yin sa ba a ƙasar nan, 'yan ƙalilan ne.

Wani abin da ya ƙara nuna mini shi ne, ba a auna faɗin jijiyar haka kawai a ce lafiya lau. Sai an gwada shi da girman jikin mai ita. Faɗin da za a gani a doguwar mace a ce daidai ne, a jikin mai tsawon Talatu ya riga ya zama kumburi. Ya ce likitan da bai saba da larurar ba yana iya duba hoton ya sallame ta da cewa ba komai. Kuma hoton da ake ɗora na'ura a ƙirji ba ya nuna jijiyar duka, shi ya sa ake so a haɗa da babban hoton nan da ake shigar da mutum cikin na'ura, wanda ake kira em-ar-ai.

Na sa ɗana da ke karatu a jami'ar nan ta kusa da mu ya nemo mini alƙaluma a intanet, na kai wa likitan ya duba ya ce haka suke. A 2003 wasu likitoci a Amurka sun ƙiyasta cewa a cikin mata ɗari masu wannan larura da suka ɗauki ciki da ƙwan wata, kusan biyu na iya mutuwa ta dalilin tsagewar jijiyar. A Faransa an bi diddigin mata 93, aka fitar da sakamako a 2011: biyu sun rasu jijiyar ta fashe, kusan kashi 38 cikin ɗari sun yi hawan jinin masu ciki, huɗu sun kai ga jijjiga mai tsanani, kusan kashi 38 sun haifi bakwaini. Kashi 40 ne kacal suka sauka lafiya uwa da ɗa ba tare da wata matsala ba. Kuma abin mamaki, a Faransar ma, waɗanda aka yi wa hoton zuciya kafin a dasa musu ba su kai kashi 40 ba. A ƙasashen Siwidin da Denmak da Finlan an duba mata 106 da suka haihu tsakanin 1992 da 2011. Can ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi, amma kashi 35 sun yi hawan jini, huɗu sun leƙa lahira sun dawo, ɗaya daga cikinsu jijiyar ce ta tsage, kuma fiye da kashi 80 aiki aka yi musu aka ciro jariran.

Ina so a lura da ƙasashen da na ambata. Wurare ne da motar asibiti ke isowa ƙofar gida kafin shayi ya huce, wutar lantarki ba ta ɗaukewa ana tsakiyar tiyata, jini yana nan a ajiye. In a can abin ya kai haka, mu da za a nemo mai Keke Napep da tsakar dare fa? Likitan ya ƙara da cewa cikin da aka samu da ƙwan wata, ko ga mace mai cikakkiyar lafiya, ya fi jawo hawan jini da kumburi fiye da cikin da aka samu da ƙwan kai. Kuma wasu cibiyoyin suna dasa biyu ko uku a lokaci guda don kada kuɗin mutum ya tafi a banza. Ga mai larurar Turner, tagwaye nauyi ne a kan nauyi, ƙa'ida ita ce a dasa ɗaya tak.

Don a yi adalci, bai ce kowace mai wannan larura ba za ta iya ɗaukar ciki ba. Ya ce akwai waɗanda ake dubawa a ga zuciya da jijiya lafiya, jini bai hau ba, su ana iya bin su a hankali, ana maimaita hoton zuciya a tsawon cikin da bayan haihuwa, likitan zuciya da na mata suna aiki tare. Haɗarin yana raguwa, amma ba ya gushewa. Wadda kuwa aka ga jijiyarta ta buɗe, ko an taɓa yi mata aiki a kanta, shawararsu ita ce kada ta ɗauki ciki ko ta wace hanya.

Aka kai Talatu Abuja aka yi hotunan biyu. Marfin ganye biyu ne. Jijiyar ta buɗe fiye da ƙima idan aka gwada da jikinta. Jininta ma ya ɗan hau, ita ba ta sani ba. Likitan da ya duba ta ya ce da mijin, "Malam, in ƙanwata ce ba zan bari ba."

Sai ta malamai. Wannan ba sabuwar tambaya ba ce, an daɗe da yin ta. An haifi jaririyar farko ta hanyar haɗa ƙwai da maniyyi a wajen jiki a Ingila a 1978. Ba a jima ba, a 1980, Shaihu Jadul Haƙ na Masar ya ba da fatawa cewa wannan ya halatta matuƙar ƙwan na matar ne, maniyyin na mijinta ne, kuma aurensu yana nan. Da zarar wani na uku ya shigo, da ƙwai ko da maniyyi ko da aron mahaifa, ya haramta. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a birnin Amman a 1986 ta tsaya a kan haka. Saboda haka ma'auratan da ke zuwa Abuja ko Kano a haɗa nasu da nasu ba su yi laifin komai ba, kuma ya kamata a daina yi musu kallon banza. A nan kusa da mu, tun 1998 Dokta Ibrahim Wada ya yi nasarar wannan aiki a Abuja, yaran da aka haifa ta hanyar yanzu wasu sun yi aure.

Mijin ya kawo hujja, kuma ban ga laifinsa ba, mai nema ba ya rasa dabara. Ya ce, "Baba Malam, ai kamar shayarwa ce. In mace za ta ba ɗan wata nono ya zama ɗanta, me zai hana ta ba shi mahaifa?" Na ce da shi shayarwa tana haramta aure, amma ba ta sauya nasaba, ba ta sa gado. Wanda aka shayar ya san uwarsa, ya san mai shayar da shi, kowa a unguwa ya sani. Nan kuwa wace ce uwar, mai ƙwai ko mai naƙuda? Wa zai gada, wa za ta gaje shi? In ƙwan na bare ne da ba a san ta ba, kuma ta bayar a wuri biyar, wa zai hana yaron nan ya girma ya auri 'yar'uwarsa? In kuma na ƙanwarta ne, to ka haihu da matar da ba a ɗaura muku aure ba, wadda ba ma za ka iya aurenta ba matuƙar yayarta tana ɗakinka.

Ya ce to idan ya ƙara aure, aka ɗauki ƙwan amaryar aka dasa wa uwargida fa, tunda duka matansa ne? Na ce ka zo inda manya suka taɓa tsayawa. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta halatta irin wannan tsakanin kishiyoyi a zamanta na 1984, sai a zaman 1985 ta janye. Dalilinsu, wadda aka dasa wa tana iya ɗaukar nata cikin daga mijin a daidai lokacin, a rasa gane ɗan wace ce aka haifa. Na san a Iran jagoransu Ayatullahi Khamene'i ya halatta karɓar ƙwai da wasu sharuɗɗa a 1999, shi ya sa ake yi a can da wani sashe na Lebanon. Amma malaman Sunna, waɗanda muke bi, a kan hani suke. A maganar Talatu kuwa ko da babu wannan duka, jefa rai cikin halaka bayan masana sun yi gargaɗi shi kaɗai ya isa. Wannan ɓangaren bai tsaya ga Musulmi ba. Maƙwabtanmu Gwarawa da Nufawa da 'yan kudu, Kirista da Musulmi, jijiyar iri ɗaya ce, duk wanda ya san mai irin wannan larura ya gaya mata a duba zuciya kafin komai.

Bari in ɗan ratse, don akwai ɗaya gefen da ya shafe mu kai tsaye a garin nan. Ƙwan da ake dasawa daga jikin wata yake fitowa, kuma galibi 'yan mata ne masu ƙarancin shekaru da buƙatar kuɗi. A 2025 sai da sashen lafiya na Jami'ar Ibadan ya fitar da takarda yana jan kunnen ɗalibai mata a kan mayar da bayar da ƙwai hanyar samun kuɗi. Ana yi musu allurai na kwanaki don ƙwai ya nuna da yawa, sannan a zuƙe da allura. Wata cikinta yana kumbura ya tara ruwa har a kwantar da ita. Mu da muke zaune a bakin jami'a, muke ba ɗalibai hayar ɗakuna, 'ya'yanmu ma suna ciki, bai kamata mu ɗauka abin na Ibadan da Legas ne kaɗai ba. Yarinyar da kuɗin makaranta ya gagare ta, ga mai kamasho yana yi mata raɗa a waya, sai Allah Ya tsare.

Ranar da na tara su don in ba su amsa, na sa an kira uwar mijin. Da ita na fi yin magana. Na ce, "Hajiya, ayoyi na 49 da 50 na Suratus Shura sun kasa mutane huɗu a wajen haihuwa: mai 'ya'ya mata, mai maza, mai gauraye, da wanda ba a ba shi ba. Wanda ya yi rabon ɗaya ne, kuma na huɗun ba a ce an yi fushi da shi ba. Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ba ta haihu ba, da ɗan yayarta Abdullahi ɗan Zubairu aka yi mata alkunya, kuma har gobe Uwar Muminai muke ce mata. Yarinyar nan ba ta ɓoye muku komai ba tun ranar farko. In aka matsa mata ta ɗauki cikin nan, ana iya samun jikan a rasa uwar, ana iya rasa su duka biyun. Garin neman gira kada a rasa ido."

Hajiya ta ce, "Malam, ni ban ce a kashe 'yar mutane ba. Amma shi kaɗai gare ni namiji."

Ban ga abin musu a nan ba. Ita ma tana da nata ciwon. Na ce shari'a ba ta rufe masa ƙofar ƙara aure ba in yana da hali kuma zai yi adalci, amma wannan shawararsa ce da matarsa, ba a yi ta da gori ba. Talatu ba ta ce uffan ba a wurin. Daga baya ta aiko mahaifiyarta ta gaya mini cewa abin da ya fi yi mata zafi ba hanin ba ne, a'a, mutumin da ya yi musu lissafin miliyoyi har da ragi bai taɓa tambayar lafiyar zuciyarta ba.

An janye filin daga kasuwa. Bayan wata biyar wani ƙanin mijin ya rasu a haɗarin mota ya bar 'ya'ya huɗu, aka ba Talatu riƙon ta ukun, yarinya 'yar shekara uku. Riƙo ba baƙon abu ba ne a wurinmu, da yawanmu a hannun gwaggo ko kawu muka tashi. Na dai ja hankalinsu cewa yarinyar za ta ci gaba da amsa sunan mahaifinta, gadonta yana gidan ubanta, in suna son ta sami wani abu daga gare su sai su yi mata kyauta da ransu ko wasiyya da ba ta wuce sulusi ba.

Maganar ƙarin aure tana nan, ba a yi ba, ba a kuma fasa ba. Hajiya takan tayar da ita duk bayan salla ƙarama da babba. Talatu tana shan maganin hawan jini kullum tare da na sinadarin mata, an hana ta ɗaukar kaya masu nauyi, ko jarkar ruwa ba ta ɗagawa yanzu. Tana koyar da 'yan aji biyu a wata Islamiyya da yamma. Duk shekara za ta riƙa komawa Abuja a sake auna faɗin jijiyar, domin likitan ya ce in ta kai wani mizani gara a yi aikin a natse kafin ta tsage. An rubuta mata takarda da sunan larurar da bayanin jijiyar, tana yawo da ita a jaka, saboda in ciwon ƙirji ya taso mata a inda ba a san ta ba kada a ce gyambon ciki ne a ba ta magani a sallame ta. Awo na gaba ya kama bayan babbar salla, kuma mijin ya riga ya fara ajiye kuɗin mota da na hoto a wurina.